Wutar da Efraín Bai Hura Ba

Tun daga kan tudu Yasna ta hango shi, gabanta ya yanke ya faɗi.

Tanti!

Tanti ruwan lemo, an kafa shi ƙiri-ƙiri a bakin kogi, a tsakiyar makiyayar mahaifinta, sai rawa yake cikin iskar safiya kamar mai shi ya gaji wurin.

Ta zaburi doki ta gangaro a guje, karnukanta biyu na biye da ita suna haushi.

"Kai! Wane ne a ciki? Fito! Na ce ka fito tun kafin in sa karnuka su fito da kai!"

Aka ɗan yi motsi, sannan kai ya leƙo. Gashi a hargitse, tabarau a karkace, baki a washe har kunne.

"Efraín?!"

"Zuciyata! Ashe ba mafarki nake ba!"

Ta diro daga kan dokin ba ta ma san ta diro ba. Wata biyu rabon da ta sa shi a ido, zuciyarta na cewa ta rungume shi, hannunta kuma na ƙaiƙayin shaƙe shi. Ta rungume shi tukuna, sannan ta ture shi.

"Me kake yi a nan? Ba da tsakar ranar yau muka yi za ka sauka a mota ba?"

"Na samu hutu da wuri, masoyiyata. Na ce bari in zo jiya in kwana a fili ko dare ɗaya ne, in sha iska, ko gabana ya daina faɗuwa kafin in tsaya gaban Babanki. Na je gandun dajin gwamnati, ma'aikatan suka ce wuraren kwana sun cika, sai wanda ya kama wuri tun da wuri, kuma doka ta hana a kafa tanti a ko'ina cikin gandun. Kin san ni da bin doka. Na fito musu daga gandu, na bi kogi, na tsallaka wata waya, na ga ba gida ba mutum..."

"Wata waya?"

"Eh, wata tsohuwar waya haka."

"Wayar shingen Babana ce ka tsallaka!"

Ya gyara tabarau. "Amma kin ce gidanku kilomita sha biyu ne daga titi..."

"Gidan na ce! Gidan! Ban ce ƙasar ba! Efraín, a duk faɗin yankin nan akwai inda ba shi da mai shi ne?"

Sai ta kama kafaɗunsa, muryarta ta koma ƙasa.

"Dube ni. Ka hura wuta?"

"Ko ashana ban ƙyasta ba. Burodi da cuku na ci da sanyinsu, haƙorana na ta kaɗawa."

Ta duba ko'ina. Ciyawa shar, ba toka, ba gawayi. Ta sauke numfashi, amma bai gama sauka ba karnuka suka juya suna kallon tudu. Can sama wani mahayi ne tsaye a kan baƙin doki. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya juya a hankali ya ɓace.

"Na shiga uku," in ji Yasna. "Nibaldo ne."

Duk wanda ya san Don Belisario Oyarzo ya san abu biyu game da shi: 'yarsa tilo Yasna, da ƙiyayyar da yake wa tanti. Shekara goma sha ɗaya ke nan wasu 'yan yawon buɗe ido suka kwana a gefen dajinsa ba da saninsa ba, suka tashi suka bar wuta ba ta gama mutuwa ba. Iskar yamma ta ɗauke ta. Kwana tara tana ci, ta cinye dajin itatuwan lenga da tumaki ɗari uku, matarsa Ernestina kuma ta shaƙi hayaƙin da bai sake barin ƙirjinta ba har Allah ya karɓi abarsa da hunturu. Tun daga ranar, ko a jikin kalanda ya ga hoton tanti sai ya juya ta ta kalli bango.

Nibaldo kuwa ɗan maƙwabci ne, waya ɗaya ta raba ƙasarsu. Ya iya doki, ya iya askin tumaki, ya iya gaisuwa, kuma ya daɗe da zama surukin da Don Belisario ya zaɓa a ransa. Matsalar ɗaya ce, ba a tambayi Yasna ba, da aka tambaye ta kuwa ta ce ita Efraín take so, ma'aikacin asibiti a birnin Coyhaique, wanda ya ɗauki hoton ƙashin hannun Gwaggo Clorinda ranar da ta zame a kan ƙanƙara.

"Naɗe shi! Maza!" Yasna ta shiga zare turaku da kanta. "Ka koma titi, da tsakar rana ka biyo ta babbar ƙofa kamar yanzu ka sauka. In ka iso gida ka tsaya a shinge ka tafa hannu, kada ka shigo sai an ce ka shigo. Kada ka faɗi abin da ya kawo ka sai an gama shan shayin mate. Tantin nan kuma ba ka taɓa ganinsa ba!"

"Da ƙarya zan fara da surukina?"

"Ba ƙarya ba ce, shiru ne!"

"Yasna..."

"Don Allah, sanyin idona. Na gaya maka tun farko, ba zan yi aure Babana na fushi da ni ba, ni kaɗai na rage masa. Kuma ba zan iya rabuwa da kai ba. Kada ka sa a ce in zaɓa..."

Ya share mata hawayen da babban yatsansa, bai ce eh ba, bai ce a'a ba.

Da tsakar rana ya tsaya a shinge ya tafa hannu yadda aka koya masa. Don Belisario ya bar shi tsaye har karnuka suka gaji da shinshina shi, sannan ya leƙo.

"Shigo mana, ko gadi aka ɗauke ka?"

Aka zauna a ɗakin girki gefen murhu. Gwaggo Clorinda, yayar Don Belisario, ta cika faranti da soyayyen burodi ta tura gaban baƙo. Ita dai tun ranar da Efraín ya kalli hoton hannunta ya ce ƙashinta na 'yar shekara talatin ne, ta gama yanke hukunci a kansa.

Don Belisario ne ke zuba mate, shayin ganye mai ɗaci da ake zagayawa da shi a ƙoƙo ɗaya. Ya cika ƙoƙon da ruwan zafi ya miƙa wa 'yar'uwarsa, ta zuƙe ta mayar, ya sake cikawa ya miƙa wa baƙo.

Efraín ya zuƙa. Ɗaci ya kai masa har ƙeya, amma bai yamutsa fuska ba.

"Ka iya hawa doki?"

"Na taɓa hawa sau ɗaya, ranka ya daɗe."

"Ya aka ƙare?"

"Shi ya iso gida lafiya."

Gashin bakin tsohon ya motsa. Yasna ta gani, ta san dariya ce yake dannewa, zuciyarta ta hau tsalle. Zagaye na biyu ya wuce, na uku ya wuce, har an fara maganar farashin ulu da yadda dusar ƙanƙara ta yi jinkiri bara. Ta kalli Gwaggo, Gwaggo ta kashe mata ido.

Sai aka tafa hannu a waje.

Nibaldo ya shigo yana cire hula, ladabi kamar ya kwanta a ƙasa. Ya gaida kowa, har da Efraín. Sannan ya zaro wani abu daga aljihun rigarsa ya ajiye a kan tebur kusa da farantin burodi.

Guntun itace ne, ƙonanne.

"Ban so in ɓata muku zama ba, Don Belisario. A bakin kogi na tsinto shi, a makiyayarka. Da safe na hango tanti a wurin, ruwan lemo. Da na koma na tarar an tashi, an bar mana toka."



Nibaldo bai kalli kowa ba. Jakar Efraín ya kalla, inda take jingine a bayan ƙofa, wani ɗan ƙyalle ruwan lemo ya leƙo ta bakinta.

Yasna ta taka ƙafar Efraín a ƙarƙashin tebur. Ta sake takawa da ƙarfi.

Efraín ya miƙe tsaye.

"Tantin nawa ne, ranka ya daɗe. Ni na kwana a wurin. Ban san ƙasarka ba ce, kuma rashin sanin ba hujja ba ne. Amma wuta, wallahi ban hura ba."

Don Belisario bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi sauƙi. Ya cika ƙoƙo ya miƙa wa Clorinda. Ta mayar. Ya cika, hannunsa ya wuce ta gaban Efraín kamar kujerar ba kowa, ya miƙa wa Nibaldo. A gidajenmu mari ya fi wannan sauƙin haɗiya.

"Mota tana wucewa ƙarfe huɗu," ya ce yana kallon murhu. "Kada ta bar ka."

"Baba!"

"Ke kuma zauna."

"Ba zan zauna ba! Da safe ina wurin, da idona na duba, ko ƙwayar toka babu!"

Sai da maganar ta fita ta gane abin da ta yi. Tsohon ya juyo a hankali.

"Kina wurin..."

"Baba..."

"Kin sani ke nan. Kika zauna kina kallona ina ba shi mate da hannuna."

Wannan ya fi komai yi mata ciwo, don gaskiya ya faɗa. Ta durƙusa gabansa ta kama gwiwarsa, hawaye na zuba.

"Na yi laifi, Baba, ni na ce ya yi shiru, shi kuwa ka ga bai iya ba. Ka hukunta ni. Amma kai ka koya mini ba a ɗora wa kare laifin dila sai an je an ga sawu. Mu je ka gani da idonka. In wutarsa ce, ni da kaina zan raka shi titi, ba za ka sake jin sunansa a bakina ba."

"Yasna, kin san me kika faɗa kuwa?" in ji Efraín.

"Na sani. Na kuma san wanda nake so."

Gwaggo Clorinda ta riga ta ɗaura gyale. "Belisario, tashi ka tayar da motar nan. Tsufa ya sa ka fara yanke shari'a daga kujera?"

Haka aka ɗunguma. Tsohuwar a-kori-kurar na ta tsalle a kan duwatsu, Efraín a baya ya ƙanƙame ƙarfe, Nibaldo na biye a kan doki. Yasna na addu'a a ranta tun daga gida har kogi, ta kira duk waliyyan da ta sani, har da waɗanda ba ta tabbatar da sunansu ba.

Toka kuwa tana nan. Taku kaɗan daga inda tantin ya kwantar da ciyawa, ga ta baƙi ƙirin. 

Don Belisario ya tsuguna.  Ya taɓa tokar ya ji ta jiƙe sharkaf. Ya ɗaga kai ya duba inda iska ke fitowa, ya dubi ƙaton dutsen da ya kare wutar daga yamma. Ya sa hannu gefe ya ɗago wani faifan ciyawa da ƙasarsa, an yanke shi da wuƙa kusurwa huɗu cif, an ajiye shi a inuwa saiwa a ƙasa don kada ya bushe. An zagaye ramin da tsakuwar kogi. Itacen duk busasshe ne, an jera manya a ƙasa ƙanana a sama.

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. Ya laluba aljihu ya jefa wa Efraín kwalin ashana.

"Hura mini wuta."

"Ranka ya daɗe, ni fa na ce ban..."

"Can kan tsakuwa, bakin ruwa. Hura!"

Efraín ya kalli Yasna. Ita ma ba ta gane ba, ta dai gyaɗa masa kai.

To, jama'a, an ga abin kallo. Bawan Allah ya tattaro rassa, rabinsu ɗanye da ganyensu, ya tula su wuri ɗaya kamar mai shirin zubar da shara. Ya tsuguna ya fuskanci iska, maimakon ya ba ta baya. Ya ƙyasta ta farko, fuu, ta mutu. Ta biyu ta karye. Ta uku ta kama, ya yi ihun murna, ihun ya kashe ta. Ya cire hula ya kare, iska ta ɗauke hular ta jefa a kogi, kare ya bi ta. Ya ƙona yatsa ya sa a baki. Ya kwanta rub da ciki yana hura abin da bai kama ba, tabarau ya zame ya faɗa cikin rassan.

Gwaggo Clorinda ta riƙe ciki ta jingina da mota. "Wayyo Allah, ku riƙe ni! Ɗan nan ko a cikin murhu aka sa shi sai ya mutu da sanyi!"

Efraín ya girgiza kwalin. Babu ko tsinke.

"Sun ƙare, ranka ya daɗe," ya ce, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Yasna ta gane. Ta rufe baki da hannu biyu, dariya da kuka suka haɗe mata wuri ɗaya.

Don Belisario ya juya wajen mai baƙin doki.

"Nibaldo."

"Na'am, Don Belisario."

"Zo ka ga aikin kirki. An yanke ciyawa an ajiye don a mayar. An fake a bayan dutse. An kashe ta da ruwa har sau biyu, na ga sawun gwangwani a bakin kogi. Mutum uku na koya wa wannan a rayuwata. Ɗaya ga ta nan tana kuka, ɗaya yana birnin Punta Arenas yana aikin jirgin ruwa. Na ukun fa?"

Nibaldo ya sunkuyar da kai. Ya so ya ƙirƙiro wutar ɗan birni marar hankali, amma hannunsa ya ƙi. Wanda ya ga dajin nan yana ci kwana tara ba zai iya barin garwashi a ciyawa ba ko da sharri ya fito yi.

"Shekara shida ina jiran ta," ya ce. "Shekara shida, Don Belisario. Sai wani ya zo da tabarau, ko sirdi bai iya ɗaurawa ba..."

"Ban taɓa ce maka ka jira ba, Nibaldo," in ji Yasna a hankali. "Ko sau ɗaya."

"Ka kashe ta da kyau, wannan na yaba," in ji tsohon. "Mayar da ciyawar inda ka yanko ta, ka hau dokinka. Zan zo in ga mahaifinka, amma ba yau ba."

Nibaldo ya mayar, ya danna da tafin hannu yadda aka koya masa, ya hau ya tafi bai waiwayo ba.

Yasna ta ruga za ta faɗa jikin Efraín.

"Tsaya tukuna!" Don Belisario ya ɗaga hannu. "Wuta ba tasa ba ce, na yarda. Tantin fa? Shi ma Nibaldo ne ya kafa?"

Murna ta koma ciki.

"Kai, ɗan birni. Gaya mini, me ke kai mutum mai gado da bargo ya zo ya kwanta a ƙasar mutane kamar ɓataccen rago?"

Efraín ya goge tabaransa a jikin riga ya mayar.

"Ranka ya daɗe, ɗakin da nake aiki a ƙarƙashin ƙasa yake. Ba taga, bangonsa ya fi tsawon hannuna kauri. Da hunturu in shiga rana ba ta fito ba, in fito ta faɗi. Ƙasusuwan mutane nake kallo tun safe har yamma. In na yi wata biyu ban kwana inda zan ji ƙarar ruwa ba, sai in ji ƙirjina ya cushe. Ba raini ya kawo ni ba. Numfashi na zo yi."

 Maganar ƙirji ba ta wuce tsohon haka nan.

"Numfashi ba a sato shi," ya ce. "Gandu na da wuraren kwanansa, ka kama wuri da wuri. Bukkar makiyaya tana can kan dutse ba kwaɗo a ƙofarta, duk wanda ya sanar ya hau ya kwana, ya bar busasshen itace da ashana don na bayansa. In lokacin hawa da tumaki kan dutse kiwo ya zo a watan Disamba, kowa neman ƙarin hannu yake, ka bi su ka kwana a fili har ka ƙoshi. Duk wannan bai ishe ku ba sai kun tsallaka waya?"

"Ban san wa zan tambaya ba."

"Baba, abin da nake gaya maka ke nan shekara uku!" Yasna ta shiga tsakani, idonta na ƙyalli. "Wanda ya tambaya shi ake nuna wa inda zai kwanta da inda ba a hura wuta. Wanda aka rufe wa ƙofa shi ke bi ta waya, ba wanda ya san da shi sai hayaƙi ya tashi. Da 'yan yawon can sun samu wanda za su tambaya..."

Ba ta ƙarasa ba. Ba a taɓa kawo wannan maganar a gabansa ba, har Gwaggo ta daina dariya.

Don Belisario ya kalli gangaren da har yanzu baƙaƙen kututture ke tsaye a kansa. Ya daɗe yana kallo.

"To yanzu ai ya san wanda zai tambaya," ya ce.

Efraín ya ajiye kwalin ashana. Ya juya ya kama tafiya.

"Ina za ka?" Yasna ta ƙwala masa kira. "Efraín!"

Bai tsaya ba sai da ya kai wayar da ya tsallako jiya. Ya sake tsallaka ta, wandonsa ya maƙale ya yage, ya tsaya ta waje ya gyara tsayuwa. Sannan ya tafa hannu sau uku.

"Salama, masu ƙasa!"

"Wane ne?" Don Belisario ya amsa, fuska a murtuke kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Baƙo ne daga Coyhaique, Efraín Cadagán! Alfarma biyu na zo nema!"

"Faɗi ta farko."

"Wurin kafa tanti, kwana uku. Ba wuta!"

"Wannan ko ba ka faɗa ba mun shaida!" in ji Gwaggo.

"Na ba ka. Ta biyun fa?"

Muryar Efraín ta fito har kogi ya amsa.

"Yasna nake so, Baba! Ina son ta fiye da yadda na iya faɗa. Ban iya doki ba, ban iya wuta ba, amma zan koya ko zan shekara ina faɗowa. Ka ba ni aurenta!"



Tsohon ya murza gashin baki. Ya kalli 'yarsa, ya ga yadda take kallonsa, idanunsa suka kaɗa.

"Fili nawa ne, shi ya sa na bayar. Ita kuwa ba fili ba ce. In ta yarda, na sa albarka."

"Na yarda! Na yarda! Baba, na yarda!"

Ta rungume mahaifinta har hularsa ta faɗi, ta sake shi ta kwasa a guje, karnuka na biye. Ba ta tsaya neman ƙofa ba, ta dafa turke ta haure wayar kamar yadda ta saba tun tana ƙarama.

"Ka ga irinta ko?" in ji Gwaggo tana share ido da gyale. "Kai kana koya wa baƙo bin ƙofa, taka tana haure waya."

An ɗaura aure a watan Fabrairu, rani na tsakiyarsa. Don Belisario bai iya kyauta da baki ba, sai kawai aka ga ya sa an zagaye makiyayar bakin kogi da sabon shinge, aka yi mata 'yar ƙofa, ya miƙa wa Yasna takarda da sunanta da na mijinta. Ita kuwa ba ta yi sanya ba. Ta yi ta zirga-zirga ofishin ƙaramar hukuma har ta samo izini, aka gina bayi, aka yi murhu ɗaya tak na dutse a kan tsakuwa, aka kafa allo mai cewa duk mai son kwana ya tafa hannu.

Ranar biki tantuna talatin da bakwai Gwaggo ta ƙirga. Abokan ango daga asibiti, dangin amarya daga garin Cochrane, kowa da nasa, ja da kore da shuɗi. 'Yan raguna shida na gasuwa, mai kiɗan akodiyon ya yi ta ja har gumi ya jiƙa masa riga, ango ya taka ƙafar amarya a rawa ba adadi, ita ko a jikinta.

Da la'asar, rana na nan da sauranta, Yasna ta duba ba ta ga mahaifinta ba.

Sai ta ji tafi daga wajen ƙofa.

Kiɗa ya tsaya.

Don Belisario ne tsaye ta waje, hula a hannu, ya rungumo wani tsohon tamfol da ya koɗe, an ɗaure shi da igiyar fata.

"Salama, masu ƙasa."

"Baba, mene ne haka? Shigo mana!"

"Ba ke kaɗai ke da wurin ba."

Efraín ya matso da sauri, ya rasa inda zai sa hannunsa. "Baba, don Allah, ai kai ne..."

"Ka amsa yadda ake amsawa."

Efraín ya ɗaga murya. "Wane ne?"

"Wani tsoho ne, maƙwabcinku. Wurin kwana nake nema, dare ɗaya." Ya shafa tamfol ɗin. "A ƙarƙashin wannan muka yi raninmu na farko ni da Ernestina, can gindin dutsen, kafin gida ya samu rufi. Wata huɗu. Ita ta zaɓi wurin, ta ce ruwan nan yana sa ta barci... Shekara goma sha ɗaya ban iya kwancewa ba."

Yasna ba ta taɓa ji ba. Ko Gwaggo ba ta taɓa gaya mata ba. Ta tsaya da farar rigarta hawaye na gangarowa.

Efraín ne ya buɗe ƙofar. Ya karɓi tamfol ɗin da hannu biyu.

"Shigo, Baba. Ka nuna mana inda ta zaɓa, mu kafa maka."